Madarar Jaka: Yadda Maiƙonta Ke Sauyawa Daga Haihuwa Zuwa Yaye

A ƙasar Italiya akwai gonakin da ake kiwon jakuna musamman domin a tatsi madararsu. Ana dumama madarar a sayar a kwalba, ana busar da ita ta koma gari, ana kuma zuba ta cikin sabulu da man shafawa. Manyan masu sayenta su ne iyayen yaran da jikinsu ba ya jituwa da madarar shanu, sai kuma tsofaffi masu gudun kitse. Farashinta ya ninka na madarar shanu sau da dama, domin jaka, wato macen jaki, ba ta da yawan nono.

Wannan kasuwa ce ta sa masana kiwo da masana abinci suka tsaya kan wata tambaya: shin madarar da aka tatsa wata guda bayan jaka ta haihu daidai take da wadda aka tatsa a wata na bakwai? Bincike ya nuna cewa ba daidai suke ba. Yayin da goyo ke nisa, yawan maiƙon madarar yana raguwa, nau'insa kuma yana sauyawa. Wannan sauyi yana da tasiri a kan jaririn da aka dogara da madarar wajen ciyar da shi, da tsohon da ke shan ta don lafiyar zuciya, da ma ɗan jakin da aka halicci madarar dominsa.

Madara mai kama da ruwa

Wanda ya saba da kindirmo, idan aka miƙa masa madarar jaka zai ɗauka an surka ta da ruwa. Fara ce, tsararo, mai ɗan zaƙi. A cikin kowane giram 100 nata, maiƙon da ake samu yana tsakanin giram 0.3 zuwa 1.8 ne kawai. Madarar shanu tana da giram 3.5 zuwa 3.9, nonon mace kuma giram 3.5 zuwa 4.

A sauran sinadarai kuwa, madarar jaka ta fi kusa da nonon uwa fiye da yadda madarar shanu take. Sukarin madara, wanda ake kira laktos, yana kai giram 5.8 zuwa 7.4 a cikinta, kusan daidai da na nonon uwa, alhali a madarar shanu bai cika kai giram 5 ba. Furotin ɗinta giram 1.5 zuwa 1.8 ne, na shanu kuma ya haura giram 3. Tana kuma ɗauke da sinadarin lisozim mai yawa, wanda ke kashe wasu ƙwayoyin cuta.

Wannan kamanni da nonon uwa ya daɗe da jan hankalin likitocin Turai. A ƙarshen ƙarni na 19, wani gidan renon yaran da aka yasar a birnin Paris na Faransa ya ajiye jakuna, ana ɗora jarirai marasa lafiya su tsotsa kai tsaye daga hantsa. Tun kafin nan, marubucin Rumawa Filini ya ruwaito cewa matar Sarki Niro takan yi tafiya da jakuna mata 500 domin ta yi wanka da madararsu. Amma a duk tsawon wannan tarihi, rauni ɗaya na madarar bai gushe ba, shi ne ƙarancin maiƙo.

Maiƙo iri biyu ne

Kafin a fahimci sauyin da ke faruwa a lokacin goyo, sai an san cewa maiƙo ba abu guda ba ne. An gina shi da wasu sinadarai masu siffar sarƙa, kowace sarƙa tana da adadin ƙwayoyin kabon da aka jera. Akwai gajerun sarƙoƙi da matsakaita, masu kabon 4 zuwa 12, akwai kuma dogaye masu kabon 16 ko 18 ko fiye.

Bayan tsawo, ana raba sarƙoƙin gida biyu. Gida na farko shi ne maiƙo mai daskarewa, irin wanda ya fi yawa a man shanu da kitsen rago, shi ya sa suke yin tauri idan sanyi ya sauka. Gida na biyu shi ne marar daskarewa, irin wanda ya fi yawa a man gyaɗa da man riɗi da man zaitun, waɗanda ke zama ruwa a yanayin ɗaki. Likitocin zuciya suna ba manya shawarar su rage na farko su maye gurbinsa da na biyu, domin yawan cin mai daskarewa yana ƙara mugun kolestarol a jini.

A cikin marar daskarewa akwai sinadarai biyu da jikin ɗan Adam ba ya iya ƙera su, dole sai ya same su a abinci. Ɗaya shi ne linolik, na dangin omega-6, ɗayan kuma alfa-linolenik, na dangin omega-3. Masana abinci suna duba yadda aka gwama su, domin abincin zamani yakan cika da omega-6 ya bar omega-3 a baya da nisa.

Maiƙon madarar jaka, duk da ƙarancinsa, yana da arzikin waɗannan sinadarai biyu fiye da na shanu. Yana kuma da matsakaitan sarƙoƙi masu kabon 8 da 10 da 12, waɗanda hanji ke saurin tsotsewa. Ɗigogin maiƙon da ke yawo cikin madarar ƙanana ne, kusan rabin girman na madarar shanu, kuma ƙanƙantarsu na sauƙaƙa narkewa a ciki.

Bambancin cikin jaki da na saniya

Dalilin wannan bambanci yana cikin tumbi. Saniya da akuya da tunkiya dabbobi ne masu tuƙa. Abin da suka ci yana fara sauka cikin babban tumbi mai cike da ƙwayoyin bakteriya, kuma waɗannan ƙwayoyi suna mayar da yawancin maiƙo marar daskarewa da ke cikin ciyawa zuwa mai daskarewa kafin ya isa jini. Saboda haka ko saniya ta yini a ɗanyar ciyawa, kaɗan ne daga omega-3 na ciyawar ke isa nononta.

Jaki da doki ba sa tuƙa. Cikinsu guda ne, kamar na mutum. Maiƙon abinci yana narkewa a ƙaramin hanji ya shiga jini yadda yake, sai daga baya dusar ciyawar ta wuce babban hanji inda bakteriya ke aiki a kanta. Wannan tsari ya sa abin da jaka ta ci yake bayyana a madararta kusan kai tsaye.

Hantsa tana samun maiƙon madara ta hanyoyi biyu. Gajeru da matsakaitan sarƙoƙi ita take ƙera su da kanta, kuma dukkansu masu daskarewa ne. Dogayen sarƙoƙi, ciki har da omega-3 da omega-6, daga jini take ɗebo su, ko dai daga abincin da jakar ta ci ko daga kitsen da ta tara a jikinta. Duk abin da ya sauya nauyin ɗayan hanyoyin nan biyu a kan ɗayar, to zai sauya nau'in maiƙon madarar.

Abin da aka gani a Bari

A shekarar 2012 wasu masana biyu na Jami'ar Bari da ke kudancin Italiya, Martemucci da D'Alessandro, suka wallafa sakamakon wani bincike a kan jakunan Martina Franca, wani jinsi mai girman jiki da ake kiwo a yankin Puglia. Sun riƙa ɗibar madara daga jakunan a kwana na 15 da 30 da 45 da 60 bayan haihuwa, daga nan kuma duk bayan kwana 30 har zuwa kwana na 210, wato wata bakwai.

Abu na farko da suka gani shi ne maiƙon madarar yana raguwa yayin da goyo ke nisa, ƙarfin kuzarin da take bayarwa kuma yana sauka tare da shi. Matsakaicin kuzarin ya tsaya a kusan kalori 410 a kowane kilo, alhali nonon uwa da madarar shanu suna ba da kalori 650 zuwa 700.

Abu na biyu shi ne nau'in maiƙon yana juyawa. Kason mai daskarewa yana sauka, kason marar daskarewa yana hawa. Ma'aunan da masana ke amfani da su wajen auna yiwuwar maiƙo ya toshe jijiyar jini ko ya jawo gudan jini sun kasance ƙasa a wannan madara, abin da ake ɗauka a matsayin alheri ga zuciya.

Abu na uku ya shafi gwamin omega-6 da omega-3. A tsawon goyon, ma'aunin ya tsaya a kusan kashi biyu na omega-6 a kan kashi ɗaya na omega-3. A watannin ƙarshe sai lissafin ya juye, omega-3 ya rinjayi omega-6. Wannan ya sa masanan suka ga cewa madarar ƙarshen goyo ce ta fi dacewa da mai neman irin wannan maiƙo. Sun kuma lura cewa dogayen sarƙoƙin omega-3 da aka fi samu a man kifi, waɗanda ƙwaƙwalwar jariri da idonsa ke buƙata, kaɗan ne ƙwarai a madarar jaka, ba su kai kashi 1 cikin 100 na maiƙon ba.

Me ke jawo sauyin?

Jaka tana ɗaukar ciki kusan wata 12. Nonon farko da ke zuwa bayan haihuwa shi ne dakashi, mai kauri, cike da furotin na garkuwar jiki. Ɗan jaki ba ya samun wannan garkuwa tun yana ciki, saboda haka dole ya sha dakashin a yininsa na farko, kafin hanjinsa ya daina karɓar ta.

A makonnin da ke biyo baya, ɗan jaki ya dogara kacokan da uwarsa, girmansa kuma yana sauri. A wannan lokaci hantsa tana kan ganiyar aikinta na ƙera gajeru da matsakaitan sarƙoƙi, waɗanda ke ba jariri kuzari nan take. Shi ya sa madarar farkon goyo ta fi maiƙo, kuma mai daskarewa ya fi yawa a cikinta.

Da ɗan jakin ya fara tsinkar ciyawa yana bin uwarsa kiwo, buƙatarsa ga nono tana raguwa sannu a hankali. Hantsa ma tana rage ƙira. Idan abin da hantsa ke ƙerawa ya ragu, sai kason abin da take ɗebowa daga jini ya ƙaru a cikin ɗan maiƙon da ya rage. Tunda abin da ke zuwa daga jini a jikin jaka ya fi karkata ga marar daskarewa, sai madarar ƙarshen goyo ta zamo mai ƙarancin maiƙo amma mai yawan kason omega-3 da danginsa.

A nan akwai wani lissafi da ya kamata mai karatu ya riƙe. Hawan kaso ba ya nufin hawan adadi. A ce madara tana da giram 1 na maiƙo, rabinsa marar daskarewa, to akwai rabin giram na irin wannan maiƙo a cikinta. Idan maiƙon ya sauka zuwa rabin giram, ko da kason marar daskarewa ya hau zuwa kashi 60 cikin 100, abin da mai sha zai samu giram 0.3 ne kawai. Masu tallar madarar kan ambaci kason, su yi shiru a kan adadin.

Abinci da yanayin tatsa

Watan goyo ba shi kaɗai ke juya maiƙon ba. Ɗanyar ciyawa tana da alfa-linolenik mai yawa, amma tana rasa kaso mai tsoka daga ciki idan aka busar da ita. Hatsi irin su masara kuma omega-6 ya fi yawa a cikinsu. Jakar da ƙarshen goyonta ya dace da lokacin sabon tsiro za ta ba da madara dabam da ta wadda ake ciyarwa da busasshiyar ciyawa da dusa. Saboda haka mai auna madara yakan rubuta watan goyo da kuma lokacin shekara tare.

Jinsi ma yana da nasa tasiri. Ban da Martina Franca, Italiya tana da Ragusano a tsibirin Sisili da Amiata a yankin Tuskani, ƙasar Sin kuma tana tatsar nata jakunan a yankin Xinjiang, kuma alƙaluman da ake samu sukan bambanta daga garke zuwa garke.

Sai kuma ita kanta tatsar. Hantsar jaka ƙarama ce, ba ta tara nono mai yawa, domin ɗanta yana tsotsa kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Masu gonaki sukan raba uwa da ɗanta na kimanin awa uku kafin su tatsa, kuma abin da ake samu a tatsa guda galibi bai kai lita ɗaya ba. A yini, lita ɗaya zuwa biyu ake tarawa. Kamar yadda yake a sauran dabbobi, madarar da ke fitowa a ƙarshen tatsa ta fi ta farko maiƙo. Jakar da ta tsorata ko ta rasa ganin ɗanta takan riƙe nono, sai mafi maiƙon ya maƙale a hantsa. Gonakin da suka san aikinsu sukan bar wa ɗan jakin watan farko gaba ɗaya kafin su soma tatsa.

Ƙarancin maiƙon ya sa ba a kaɗa madarar jaka don a fitar da mai. Idan maiƙonta rabin giram ne a kowane giram 100, sai an tara kusan lita 200 kafin a sami kilo guda na mai. Ba ta kuma saurin kamawa ta zama cuku. A gandun Zasavica na ƙasar Sabiya, inda ake yin cukun da ake kira pule, ana buƙatar kimanin lita 25 kafin a sami kilo ɗaya, shi ya sa yake cikin mafi tsadar cuku a duniya. Masu busar da madarar kuma suna fama da wata matsalar, domin maiƙo marar daskarewa yana saurin lalacewa ya sauya wari idan iska da haske sun taɓa shi.

Abincin wani gubar wani

Ga dattijon da likita ya hana cin kitse, madarar ƙarshen goyo ta dace, tunda ƙarancin maiƙo da ƙarancin kalori su ne abin da yake nema. Ga jariri kuwa, wannan siffa ita ce haɗarin. Kusan rabin kuzarin da jariri ke samu daga nonon uwarsa daga maiƙo yake fitowa, cikinsa kuma ƙarami ne, ba zai iya shan ninkin madara don ya cike gurbin ba.

Likitocin yara a Italiya sun gwada madarar jaka a kan yaran da madarar shanu ke jawo wa amai da gudawa da borin jini. A wani bincike da aka yi a birnin Turin aka wallafa a 2007, yara 38 daga cikin 46 sun sha ta ba tare da matsala ba. Sauran takwas ɗin jikinsu ya ƙi ta, abin da ke nuna cewa gwajin farko a asibiti ya kamata a yi shi. Tun a 1992, likitocin birnin Palermo da suka ba jarirai wannan madara sai da suka ƙara mata mai na musamman domin cike gibin kuzari. Madarar da aka tatsa a wata na shida ko na bakwai ta fi buƙatar irin wannan ƙari fiye da ta wata na biyu.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida. Madarar jaka ba ta maye gurbin nonon uwa, ba ta kuma maye gurbin madarar gwangwani ta musamman da likita ke rubuta wa yaran da ba sa jituwa da madarar shanu. Lisozim da ke cikinta ma bai isa ya sa a sha ta ba tare da an dumama ta ba.

Darasi ga mai jaki a nan gida

A ƙasar Hausa jaki abokin aiki ne, tatsarsa ba ta cikin al'ada. Mafi yawan malaman Musulunci sun tafi a kan haramcin naman jakin gida, bisa hanin da aka yi ranar Khaibara, kuma sun ce nonon dabba yana bin hukuncin namanta. Duk da haka, abin da binciken ya bayyana yana da amfani ga duk wanda ke da jaka mai goyo a turke.

Watannin farko bayan haihuwa su ne lokacin da jaka ke zuba mafi yawan ƙarfinta cikin nono. Idan aka ɗora mata mangala ko aka ɗaura mata amalanke a wannan lokaci, ga abinci bai wadata ba, sai jikinta ya koma narkar da kitsen da ta tara. Jaki yana da rauni a nan fiye da doki. Kitsen kan cika jini fiye da yadda hanta za ta iya sarrafawa, cutar da likitocin dabbobi suka sani tana yawan kama jaka mai tsohon ciki ko mai goyo, kuma tana kisa. Alamarta ta farko ita ce jakar ta yi sanyi ta ƙi cin abinci. Mai jakar da ya ga haka ya nemi malamin dabbobi a ranar, kada ya jira gobe.

Ɗan jakin da aka bari a gida uwarsa ta yini a hanyar kasuwa shi ma yana asara, domin tsarin cikinsa na shan kaɗan-kaɗan ne a kai a kai, kuma madarar da ya rasa a watannin farko ita ce mafi maiƙo da zai taɓa samu. Jakar da ta haihu da bazara, lokacin da daji ya bushe, tana buƙatar harawa da dusa da ruwa wadatacce fiye da wadda ta haihu da damina.

Batun ya ƙara nauyi ganin yadda cinikin fatar jaki zuwa ƙasar Sin ya rage yawan jakuna a Afirka. Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a taronta na Addis Ababa a watan Fabrairun 2024. Dabbar da ke shekara guda da ciki ta haifi ɗa guda ba ta saurin cike gurbin abin da aka rasa. Rage wa jaka kaya a watanni ukun farko na goyo, da barin ɗanta kusa da ita, da ƙara mata abinci, su ne matakan da ke hannun kowane mai jaki.